Baƙi da ja, jikin toka ko mai zane: wane karen gadi za ka kai gida a Kumasi?

Kawuna ya tashi daga Aboabo bara, ya koma gidan da ya gina can bayan Kenyase, inda da dare ba ka jin komai sai kukan gyare. A Zango bai taɓa neman kare ba, don kafin ɓarawo ya wuce lungu biyu mutum goma sun gan shi. A sabuwar unguwa kuwa maƙwabcinsa na kusa kango ne. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya miƙo mini wayarsa da hotunan 'yan kwikwiyo uku. Na farko Jaman Shefad, na biyu Rotwaila mai ruwan toka wanda mai sayarwa ya kira "bulu", na uku Burbul mai roɗi-roɗi da ido ɗaya shuɗi. Biyun ƙarshe kuɗinsu ya ninka na farkon, wai don launinsu ba kasafai ake samunsa ba. Ya ce, "Ɗana, kai ka daɗe a harkar nan, wanne zan ɗauka?" Na ce, "Kawu, bari mu fara da waɗanda ba za ka ɗauka ba."

Bahaushe ya san launin doki ciki da bai. Akawal baƙi ne, kili fari, gunya ruwan madara, danda mai dabbare-dabbare, hurde mai ɗigo-ɗigon toka. Ba dillalin da zai ruɗi mai doki da suna. Amma kare ba mu ba shi wannan kulawar ba, ko baƙi ne, ko ja, ko fari, shi ke nan. Shi ya sa idan mai sayarwa ya fara jero sunayen launi da Turanci, sai mutum ya yi shiru yana gyaɗa kai, ya biya. Alhali a kare mai asali launi shaida ne. Yana nuna maka ko iyayen da aka ce su suka haife shi su ne, wani lokacin ma yana nuna maka ciwon da ke jiransa nan da shekara guda.

Duk launukan da ake gani a jikin kare daga rini biyu suka fito, baƙi da ja. Jan yana iya yin duhu kamar makuba, yana iya kodewa ya koma ruwan madara. Baƙin yana iya sirkewa ya zama ruwan toka, ko ya juye ruwan hanta. Fari kuwa galibi ba rini ba ne, wurin da rini bai kai ba ne. Wanda ya riƙe wannan ya gama rabin karatun.

Mu fara da Rotwaila, don shi ya fi sauƙin ganewa. Sunansa daga garin Rotwail na Jamus ya fito, inda mahauta suke kora shanu da shi, yana kuma ja musu amalanken nama. Riga ɗaya gare shi: baƙi mai sheƙi, da ja mai duhu a wuraren da aka sani. Ɗigo ɗaya a kan kowane ido, abin da ya sa yara suke ce masa mai ido huɗu, sai kumatu, gefen baki, maƙogwaro, alama biyu masu kusurwa uku a ƙirji, ƙafafu, da ƙarƙashin wutsiya. Ba Rotwaila mai zane, ba mai roɗi-roɗi, ba fari. Ƙungiyar masu kiwonsa ta Jamus, wadda aka kafa a 1921, wannan rigar kaɗai ta sani. Saboda haka idan aka nuna maka Rotwaila ruwan toka aka ce ka ƙara kuɗi, ɗaya daga cikin biyu ne: ko an gauraya jininsa da wani kare, ko kuma aibin gado ne ya fito, aka sa masa sunan ado.

A kan Rotwaila aka taɓa cutata, shi ya sa nake dagewa. Shekarun baya na sayi ɗan kwikwiyo wajen wani mutum da yamma liƙis, a bakin titi, ban ga uwa ba ban ga uba ba. Bayan mako uku ina masa wanka sai na ga kumfa tana yin baƙi a hannuna. Da ya bushe, ga fari faffaɗa kamar tafin hannu a ƙirjinsa, ga farar safa a ƙafar baya. Da yomo aka shafe su, wannan baƙin rinin da tsofaffi ke ɓoye furfura da shi. Karen ya girma, ya yi mini gadi shekara takwas, ban taɓa ƙinsa ba, amma kuɗin mai asali na biya, kuma rinin ya ƙona masa fata har sai da na kai shi wajen likitan dabbobi. Tun daga ranar ba na zuwa duba kwikwiyo sai da farin tsumma jiƙaƙƙe a aljihu, kuma ba na zuwa sai da rana tsaka. Gashi fari ɗaya ko biyu a ƙirji ba komai ba ne, ana samu ko a mai asali. Faffaɗan fari da safa su ne abin tambaya.

Aibin rigar Rotwaila a garinmu shi ne zafi. Ka ɗora hannu a bayan baƙin kare da ya kwanta a rana da azahar a watan Fabrairu ko Maris, sannan ka ɗora a bayan ja, za ka ji bambancin da kanka. Kare ba ya gumi a jiki kamar mutum, da haki yake sanyaya kansa, ga shi namiji yana kai kilo 50. Dole a yi masa rumfa mai iska, ruwa kada ya yanke, yawo kuma sai bayan asuba ko bayan magariba. Na biyu, kaska. A damina ciyawar bayan gari cike take da ita, kuma a baƙin gashi ba ka ganinta sai ta sha jini ta kumbura. Mai baƙin kare da yatsa yake neman kaska, ba da ido ba: cikin kunne, tsakanin yatsu, ƙarƙashin wuya.

Akwai kuma maganar mutane, wadda ba a rubuta ta a takardar asali. Malamai da yawa sun halatta ajiye kare don tsaron gida, amma baƙin kare yana da nauyi a zukatan jama'armu, wasu saboda abin da suka ji a wajen karatu, wasu saboda labaran dare da aka girma da su. Hukuncin na malamai ne. Abin da na gani da idona shi ne baƙi suna rage zuwa gidan da ke da baƙin kare, kuma in akuyar maƙwabci ta ɓata shi ake fara zargi. Mai son zumunci ya sa wannan a lissafi.

Jaman Shefad ya fi yawan launuka, kuma a nan ne sanin launi ya fi amfani. Wani hafsan sojan doki na Jamus, Max von Stephanitz, shi ya kafa ƙungiyar wannan kare a 1899, kuma karen farko da aka rubuta a littafinsu jikin toka ne mai sirkin rawaya. Wanda muka fi sani a nan shi ne ja mai baƙin baya, baƙin ya kwanta masa kamar sirdi, fuska ma baƙa. Sai wanda masu kiwo ke kira sebul, mai kamar dila ko kyarkeci. Shi wannan idan ka buɗe gashinsa da yatsa za ka ga kowane sili launi biyu ne, gindinsa haske, tsininsa baƙi. Akwai wanda baƙi ya rufe shi duka sai ƙafafu kawai suka yi ja, akwai kuma baƙi wuluk.

Ga inda mai saye zai kama ƙarya. Sebul yana rinjayar mai sirdi a gado, don haka ba ya ɓuya. Idan aka nuna maka uwa mai sirdi da uba mai sirdi, aka ce ga ɗansu sebul, to akwai wani uban da ba a nuna maka ba. Baƙi wuluk kuwa akasin haka ne, galibi ɓoyayye ne, masu sirdi biyu suna iya haifarsa idan kowannensu yana ɗauke da shi, don haka ganin baƙi ɗaya cikin 'ya'ya bakwai ba abin zargi ba ne. Sannan kada launin kwikwiyo ya ruɗe ka. Mai sirdi kusan baƙi ake haifarsa, jan yana hawowa daga ƙafafu a hankali, sirdin ba ya zama daram sai ya doshi shekara biyu. Sebul ma yana sauya riga sau da yawa kafin ya tsaya. Wanda yake son sanin yadda kwikwiyo zai zama, iyayensa zai kalla.

Farin Shefad fa? Dokar asalin Jamus ba ta karɓarsa, har ya zama an ware shi a matsayin jinsi dabam da sunan ƙasar Suwizalan. Amma shi farinsa ba na ciwo ba ne. Ja ne da ya kode ƙarshen kodewa, shi ya sa hancinsa baƙi, gefen idonsa baƙi, kunnensa kuma garau. Matsalarsa a nan ƙura ce kawai, jar ƙasar Kumasi da hunturu ba ta barin farin kare da farinsa, sannan da dare ana hango shi daga nesa.

Abin da ya fi launi muhimmanci a Shefad shi ne tsawon gashi. Riga biyu gare shi, ta sama mai kauri da ta ciki mai laushi, kuma yana zubar da ita ba ƙaƙƙautawa. Mai dogon gashi yana da kyau a hoto, shi ya sa yake tsada, amma a damunarmu mai laima ba ya bushewa da wuri, fata takan ruɓe a ƙarƙashi, ƙuma da kaska su samu maɓoya. A ɗauki mai gajeren gashi, a riƙa taje shi, kada a aske shi ƙwal don rigar ce ke kare fatarsa daga rana. Wannan maganar ta shafi Kokeshiyan ma, ƙaton nan mai gashi kamar rago da ake yayinsa yanzu. Karen duwatsu ne masu ƙanƙara, duk lokacin da na gan shi ɗaure a gindin katanga da rana yana haki sai tausayinsa ya kama ni.

Burbul shi ne ɗan Afirka a cikinsu. Manoman Afirka ta Kudu suka kiwata shi don tsaron gona, sunansa ma daga kalmar manomi ya fito a harshensu. Rigarsa gajera ce, launinsa daga ruwan ƙasa mai haske, wanda ake kira fon, zuwa ja, zuwa makuba, galibi da baƙin baki kamar an sa masa takunkumi. Akwai mai zane, birindil, wato ja mai ratsin baƙi a tsaye kamar an ja masa gawayi. Shi ma yana da ƙa'idarsa: jajaye biyu marasa zane ba sa haifar mai zane. Baƙin Burbul kuwa su kansu ƙungiyoyin masu kiwonsa ba su daidaita a kai ba, wasu suna rubuta shi, wasu sun ƙi. Wanda gadi kawai yake so, wannan rigimar ba tasa ba ce, illa dai kada ya biya ƙari a kan abin da masu abin ke jayayya a kansa.

Abin da nake so a dokar Burbul shi ne ba gashi kaɗai ta duba ba, ta duba fata. Ana son hanci baƙi, leɓe baƙi, gefen ido baƙi, tafin ƙafa da farce masu duhu. Dalilin rana ce. Fatar da ba rini tana ƙonewa, hanci mai ruwan hoda yana tsagewa ya yi gyambo, kuma ranar Kumasi ba ta da sauƙi. Ta fuskar riga kaɗai, jan Burbul mai baƙin baki ya fi sauran biyun dacewa da garinmu: bai ɗaukar zafi kamar baƙi, kaska tana bayyana a jikinsa, wanka kaɗan ya ishe shi, ƙura ma launinsa ce. Amma namiji yakan haura kilo 60, cinsa cin mutum biyu ne, kuma in ba a hore shi tun yana ƙarami ba, ba yaron gidan da zai iya riƙe igiyarsa.

Yanzu ga launukan da ake ninka wa kuɗi, waɗanda su ne suka sa na zauna rubuta wannan. Na farko bulu, wato baƙin da ya sirke ya zama toka. Za ka gane shi da hanci, maimakon baƙi sai ka ga ruwan toka, ido kuma da haske. Ana samunsa a Dobaman, karen da wani mai karɓar haraji a garin Apolda na Jamus ya samar wajen 1890. Dokar Turai baƙi da ja ko ruwan hanta da ja kawai ta yarda da su, Amurka ce ta ƙara bulu da wani mai ruwan ƙasa-ƙasa. Da yawan Dobaman masu wannan launi suna kamuwa da zubar gashi na gado. Kwikwiyon yana da kyau sumul, amma tsakanin wata shida da shekara uku gashin baya zai fara kakkaryewa, fata ta yi ƙuraje, wuraren ja kuma su zauna lafiya lau. Mutane sukan ɗauka kazuwa ce, su yi ta sayen magani, alhali ba ya warkewa, lallaɓawa kawai ake yi har ƙarshen rai. Farin Dobaman ya fi wannan muni, don shi zabiya ne. Daga wata karya da aka haifa a Amurka a 1976 zuriyarsu ta fito, hanci hoda, ido shuɗi, rana tana kashe musu ido, kuma suna yawan samun ƙari a fata.

Na biyu shi ne roɗi-roɗin da ake kira mel, wanda jikin kare ke zama kamar an watsa masa toka a kan baƙi, sau da yawa da shuɗin ido. Launi ne na gado a wasu jinsuna, kamar karnukan kiwon tumaki na Ingila da Amurka. A Burbul, Rotwaila ko Shefad kuwa babu shi, in ka gan shi to daga waje aka shigo da shi. A 2006 masu bincike a wata jami'a ta jihar Tekzas suka gano ƙwayar gadon da ke kawo shi. Kwafi ɗaya, wato in daga uwa ko uba kaɗai aka gada, yakan tsaya a ado. Amma idan aka haɗa mel da mel, kowane kwikwiyo yana da kaso ɗaya cikin huɗu na gadon kwafi biyu, kuma irin waɗannan sukan fito kusan farare, da yawansu kurame, wasu makafi ko da ƙananan idanu da ba su gama halitta ba. Ƙungiyar masu karnuka ta Ingila ta daina rubuta 'ya'yan irin wannan haɗin tun 2013. Dalilin kurumtar shi ne ƙwayoyin da ke yin rini suna da aiki a can cikin kunne, in ba su kai wurin ba jijiyar ji takan mutu tun kwikwiyo yana ɗan makonni. Shi ya sa Dalmeshiyan, farin nan mai ɗigon baƙi, kusan uku cikin goma nasu ba sa ji da kunne ɗaya ko duka biyun. Karen gadi kuwa kunnensa ka saya.

Ko da launin da ba shi da ciwo a jikinsa, bin sa yana da illa. Wani bincike da aka fitar a 2018 kan karnukan Labrado sama da 33,000 a Birtaniya ya nuna masu ruwan hanta suna rayuwa kimanin shekara 10.7, baƙaƙe da rawaya kuwa 12.1, kuma sun fi yawan ciwon kunne da na fata. Ruwan hanta ɓoyayyen gado ne, mai son samunsa da yawa dole ya riƙa haɗa 'yan tsirarun karnuka, dangi da dangi. Duk mai kiwon da ya sa launi a gaba, da wuya ya tsaya duba ƙugu da hali, kuma ciwon ƙugu yana cikin Rotwaila, Shefad da Burbul duka, ba kuma a ganinsa a gashi.

Wata dabarar kuma ta shuɗin ido. Kusan kowane kwikwiyo da ido mai shuɗi-shuɗi yake buɗewa, wajen kwana goma zuwa sha huɗu, sai ya rine daga baya. Kada a karɓi kuɗinka a kan abin da zai gushe kafin wata uku.

Wanda abin da yake nema kawai shi ne haushi in baƙo ya taɓa ƙofa, kada ya raina jan karen gida mai tsayayyen kunne. Ya fi su duka jure zafi da kaska, kuma tuwon da ya kwana ya ishe shi.

Da na gama wa Kawu bayani, muka yanke. Rotwailan toka da Burbul mai roɗi-roɗi sun fita tun farko. Jan Burbul na gaskiya ya ba shi sha'awa, amma Kawu ya haura sittin, jikoki suna cika gidan duk hutun makaranta, kuma yaron da zai kula da karen ɗan shekara sha biyar ne. Shefad ta fi sauƙin horo, karya ba ta cika wuce kilo 32 ba, sai muka tsaya a kanta. Muka je gidan mai kiwon da hantsi. Na ce a fito da uwar, aka fito da ita, mai sirdi ce mai gajeren gashi, uban ma haka. Na goga jiƙaƙƙen tsummana a ƙirjin kwikwiyon da ƙafafunta, ya fito fari tas. Na ɗaga leɓenta, na duba hanci da tafin ƙafa, duk baƙi. Na jira ta yi barci, na koma bayanta na kaɗa makullai ba tare da na buga ƙasa ba, kunnuwan biyu suka motsa, ta ɗago kai. Na nemi katin rigakafi, na tabbatar ta cika mako takwas, na gaya wa Kawu allurar ciwon haukan kare sai ta kai wata uku, kada ya manta.

Kawu ya tsaya yana kallonta, ransa bai kwanta ba. Ya ce, "Ɗana, ai wannan baƙa ce. Ka san Hajiya ba za ta yarda da baƙin kare a gidanta ba." Na ce, "Kawu, dubi ƙafafunta, ka ga jan nan? Hawowa zai yi. Dubi uwar, haka za ta koma." Ya daɗe yana duban uwar, sannan ya ciro kuɗi.

Makon jiya na kai musu ziyara. Watanta bakwai yanzu, jan ya kai kafaɗa ya fara cin cinya, sirdin ya fara fita. Na tarar da ita kwance a rumfar bayan gida, Hajiya ta sa an ajiye mata kwanonta dabam nesa da madafi, kuma tun ina kan kwanar layin na ji haushinta.